Sa wa bishiyar linden taki: tambayoyi da amsoshi

Linden bishiyar ƙasashen sanyi ce. Wanda ya zauna a Jamus, Faransa, Ingila, Turkiyya ko gabashin Amurka ya sha wucewa ta ƙarƙashinta, ko da bai san sunanta ba, musamman a watan Yuni da Yuli lokacin da ƙamshin furenta ke cika titi, ƙudan zuma suna ta shawagi a kanta. Amsoshin da ke ƙasa na wanda ya tarar da ita a gidan da ya saya ko yake haya ne, ko ya dasa ta da hannunsa, yana son sanin yadda zai ciyar da ita ba tare da ya cuce ta ba.

Wace bishiya ce ake nufi? Sunayen suna da yawa.

Masana tsirrai suna kiran dangin gaba ɗaya Tilia, kuma nau'o'insa sun kai wajen 30. Jamusawa suna cewa Linde, Faransawa tilleul, Turkawa ıhlamur. Amurkawa suna kiran tasu ta asali basswood, wato Tilia americana, mai manyan ganyaye. A Turai an fi samun Tilia cordata mai ƙananan ganye, da Tilia platyphyllos mai faffaɗan ganye, da wadda aka samu daga haɗuwar su biyun. Akwai kuma Tilia tomentosa, wadda bayan ganyenta fari ne kamar an barbaɗa masa gari. Dukkansu ganyensu mai siffar zuciya ne, bakinsa kamar haƙoran zarto.

Inda ake yawan samun ruɗani shi ne Ingila, domin can lime suke ce mata, sunan da suke kiran lemun tsami da shi. Babu abin da ya haɗa su. Kada ka je kanti ka sayo takin lemu saboda sunan.

Dole ne a sa mata taki?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Babbar linden da ke tsaye a ƙasa mai kyau, ganyenta kore shar, tana toho kowace shekara, ba ta bukatar komai daga buhu. A daji ita ke ciyar da kanta: ganyenta yana da sinadarin kalsiyam da yawa, yana ruɓewa da wuri, tsutsar ƙasa da ake kira tana kuma tana son sa ƙwarai, shi ya sa masu kula da gandun daji suke ƙirga ta cikin bishiyoyin da ke gyara ƙasa. Matsalar tana farawa ne a cikin gari, inda ake share ganyen kaf a kowace kaka, a shuka ciyawar ado har gindinta, a danne ƙasar da tayar mota da sawun mutane.

Idan ana sa wa ciyawar da ke ƙarƙashinta taki sau biyu ko uku a shekara, to ita ma tana ci daga ciki. Ƙara mata wani a kai ɓarna ce.

To ta yaya zan gane tana bukata?

Ka kamo reshe ɗaya da ke samun rana, ka bi shi daga tsini zuwa baya. Za ka ga wani ɗan zobe mai tattara a jikin ɓawon, nan ne tohon bana ya fara. Ka auna daga zoben zuwa tsini, sannan ka auna tsakanin wannan zoben da na bayansa, wato girman bara. Ƙaramar bishiya mai lafiya tana ƙara santimita 30 zuwa 60 a shekara. Babba da ta gama tashi, santimita 10 zuwa 15 ya wadatar. Idan tsawon yana raguwa shekara bayan shekara har ya koma ƴan santimita kaɗan, ganye ya ƙanƙance, kana hango sama ta cikin inuwar da a da take rufe, akwai abin da ke damunta.

Sai ka duba launin ganyen. Ƙarancin naitirojin yana sa ganye ya koɗe gaba ɗayansa, kuma tsofaffin ganyaye ne ke fara nunawa. Idan sababbin ganyayen tsinin reshe ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu suna nan kore, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko manganis. Idan irin wannan zanen ya fito a tsofaffin ganyaye, an fi zargin magniziyam. Idan kuwa bakin ganyen ne ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar wuta ta lashe shi, ba nan gizo ke saƙa ba: ƙishirwa ce ko gishiri, kuma taki zai ƙara tsananta abin ne.

Me ya sa ake cewa a gwada ƙasa tukuna?

Saboda ido yana ganin alama ne kawai, kuma alamomin suna kama da juna. Gwajin yana faɗa maka tsamin ƙasar, wato pH, da yawan fosfaras, fotashiyam da magniziyam da ke cikinta. Linden tana jin daɗi daga pH 6 zuwa 7.5, kuma ta fi bishiyoyi da dama jure ƙasa mai alli.

Ka ɗebi ƙasa daga wurare 10 zuwa 15 a kewayen inuwarta, zurfin santimita 15 zuwa 20, bayan ka kawar da ciyawa da ganyen sama. Ka gauraya a bokitin roba mai tsabta, ka ɗauki kamar rabin kilo ka aika. A Jamus akwai ɗakunan gwaji na LUFA, a Amurka ofisoshin malaman gona da ke ƙarƙashin jami'o'in jihohi suna karɓa, a Ingila kuma ƙungiyar masu lambu ta RHS tana yi. Sau ɗaya a shekara uku zuwa biyar ya isa. Abin da sakamakon yake yawan nunawa a gidajen cikin gari shi ne fosfaras ya riga ya yi yawa.

Wane irin taki ya fi dacewa?

Lambobi uku da ke jikin buhu suna nuna kaso cikin ɗari na naitirojin, fosfaras da fotashiyam, a jere. Bishiyar inuwa naitirojin ta fi bukata, don haka a nemi wanda lambar farko ta ninka ta biyu kamar sau uku, irin 12-4-8 ko 15-5-10. Kuma a duba cewa aƙalla rabin naitirojin ɗin mai narkewa a hankali ne. Irin wannan yana ɗaukar watanni yana sakin abinci, ba ya ƙona saiwa, ruwan sama kuma ba ya wanke shi lokaci ɗaya.

Wanda ya taso yana ganin kamfa da yuriya a gonar masara zai so ya yi amfani da abin da ya sani. Kamfa 15-15-15 zai yi aiki, amma yana zuba fosfaras da ƙasar ba ta nema ba, wanda in ya taru yake hana bishiyar shan sinadarin ƙarfe, ragowar kuma ya gangara kogi. Yuriya tana da naitirojin kashi 46, tana da zafi, kuma idan aka bar ta a saman ƙasa ba ruwa, wani ɓangarenta yana bin iska. Masara wata huɗu take yi a gona, shi ya sa ake gaggauta ciyar da ita. Linden tana iya shekara ɗaruruwa, ba ta cikin sauri.

A ra'ayinmu, ga mai bishiya ɗaya ko biyu a gida, ruɓaɓɓen taki da lulluɓin sassaƙen itace sun fi duk abin da ke cikin buhu. A Jamus ana sayar da garin ƙaho, mai naitirojin wajen kashi 14, wanda ke narkewa sannu a hankali, kuma yana da kyau ƙwarai ga wannan aiki.

Nawa zan zuba? A yi mini lissafin dalla-dalla.

Ana lissafi da faɗin ƙasar da saiwoyi suke ciki. Ma'aunin shi ne giram 5 zuwa 15 na naitirojin zalla a kowane murabba'in mita a shekara. Ga mai amfani da awon Amurka, laba 1 zuwa 3 ke nan a kowane murabba'in ƙafa 1,000. Babbar bishiya a ba ta mafi ƙarancin ma'aunin, ƙarama mai tasowa a ba ta na tsakiya.

A ɗauka daga gindi zuwa inda rassa suka ƙare mita 4 ne. Ka ƙara mita 1, domin saiwoyi sun wuce inuwa nesa, ya zama 5. Faɗin da'irar shi ne 5 sau 5 sau 3.14, wato kusan murabba'in mita 80. Idan ka zaɓi giram 10, kana bukatar giram 800 na naitirojin. Sai ka raba wannan da kason da ke jikin buhu:

- taki mai kashi 20: kilo 4
- taki 12-4-8: kilo 6.7
- garin ƙaho mai kashi 14: kilo 5.7
- yuriya: kilo 1.7

Kuskuren da aka fi yi yana nan. Idan rabin da'irar siminti ne ko kwalta, ba za ka tara kilo 4 ɗin a kan rabin da ya rage ba. Ka auna ƙasar da ke buɗe kawai, ka rage takin daidai da ita. Idan kuma akwai ciyawar ado a wurin kuma takin mai saurin narkewa ne, kada ya wuce giram 5 a murabba'in mita a zubi ɗaya, ka raba shi biyu da tazarar mako shida, in ba haka ba ciyawar za ta ƙone. A yi amfani da sikeli. Awon hannu kusan kullum wuce gona da iri yake yi.

A ina ake zubawa, kuma ta yaya?

Saiwoyin da ke shan abinci siraran ne kamar zare, yawancinsu a santimita 30 na saman ƙasa, kuma sun fi yawa daga tsakiyar inuwa zuwa waje. Kusa da gindi manyan saiwoyin riƙo ne, ba su cin komai. Don haka ka bar tazarar aƙalla rabin mita zuwa mita ɗaya daga kututturen.

Ka raba takin gida biyu. Ka watsa rabi kana tafiya gabas da yamma, ɗaya rabin kana tafiya kudu da arewa, don ya bazu daidai. A yi shi lokacin da ciyawa ta bushe amma ƙasar tana da laima. Sannan a bi da ruwa, lita 10 zuwa 20 a kowane murabba'in mita, a hankali yadda zai nutse maimakon ya kwarara. Kada a yi kaftu ko a sa hauya don a binne shi, saiwoyin za ka datse.

Idan ƙasar ta danne ta yi tauri, ko gwaji ya nuna ana bukatar fosfaras ko fotashiyam, waɗanda ba sa saurin nutsewa, sai a huda ramuka masu faɗin santimita 5, zurfin 15 zuwa 20, tazarar santimita 60 tsakaninsu. A raba takin daidai cikin ramukan, a cike da ruɓaɓɓen taki. Rabin amfanin wannan hanya iskar da take shigarwa ce. Kafin ka huda ko'ina ka tabbatar inda bututun ruwa, na gas da wayar lantarki suka bi. A Amurka ana kiran lamba 811 kyauta don a zo a nuna maka.

Sandunan taki da ake kafawa da guduma suna da sauƙi, amma suna tara gishirin taki a ƴan wurare, sauran saiwoyin kuma ba su samu ba.

Wane lokaci ne ya fi?

Lokaci biyu ne. Na farko daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, bayan ƙasa ta saki daga ƙanƙara, kafin ganye ya buɗe. Na biyu a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ganye ya fara zuba amma ƙasa ba ta daskare ba, domin saiwoyi suna ci gaba da aiki muddin ɗumin ƙasa bai sauka ƙasa da digiri 5 ba. Inda ƙasa take da yashi ko ruwan hunturu yake da yawa, a zaɓi na farkon, don kada ruwa ya tafi da naitirojin ɗin.

A guji Yuli da Agusta. Taki mai zafi a lokacin yana iya tayar da sabon toho da ba zai yi ƙwari ba kafin sanyi. Kada kuma a zuba a kan daskararriyar ƙasa ko lokacin fari. Wasu wurare doka ma ta shigo ciki: a jihar New York an hana sa wa ciyawar ado taki daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu.

Na dasa sabuwa. In sa taki a ramin?

Kada ka sa. A shekarar farko aikinta shi ne maido da saiwoyin da ta rasa wajen cirewa, kuma ruwa take nema: lita 50 zuwa 70 sau ɗaya a mako idan ba a yi ruwan sama ba, har shekara biyu ko uku. Taki kaɗan zai iya farawa daga shekara ta biyu.

Abin da ya fi taki muhimmanci a ranar dashe shi ne zurfi. Inda kututture ya fara buɗewa ya zama saiwa dole ya kasance a saman ƙasa, ana ganinsa. Linden, musamman mai ƙananan ganye, ta yi suna wajen saiwar da ke naɗe gindi. Idan an binne ta da zurfi, saiwoyi sukan zagaye kututturen, suna kauri yana kauri, har su shaƙe shi bayan shekara goma ko ashirin. Alamarta ganye ƙanana, rawaya da wuri, rassan sama suna mutuwa, gindi kuma ya shiga ƙasa a miƙe kamar turken lantarki ko ya baje a gefe ɗaya. Mutane da yawa suna ganin wannan su yi ta zuba taki shekara da shekaru, alhali maganin shi ne a tone ƙasar gindin a hankali a nemo saiwar. Ƙarama ana datse ta da kurfi. Babba sai ƙwararren mai kula da bishiyoyi.

Yaya ake yin lulluɓin da kuke ta yabo?

A cire ciyawar da ke kewaye da bishiyar da hannu, faɗin mita ɗaya ko fiye daga gindi, in da hali har bakin inuwa. A shimfiɗa ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 2 zuwa 3, a ɗora sassaƙen itace ko ɓawo santimita 5 zuwa 10 a kai. A bar tafin hannu guda, kamar santimita 10 zuwa 15, tsakaninsa da kututture. Tara shi tsibi a jikin gindi yana jiƙa ɓawon har ya ruɓe, ɓeraye su samu maɓoya, saiwar naɗi kuma ta samu wurin fitowa. A kaka, a bi ganyen da ya zuba da injin yankan ciyawa a bar shi nan.

Kashin shanu, na doki ko na kaji sai ya kwana aƙalla wata shida ya huce. Toka tana da fotashiyam amma tana ɗaga pH, don haka kada ta wuce giram 50 zuwa 70 a murabba'in mita a shekara, kuma idan pH ya kai 7 a bar ta.

Me zai faru idan ya yi yawa?

Garin neman ƙiba a samo rama. Gishirin taki yana janye ruwa daga saiwa, sai bakin ganye ya ƙone cikin kwanaki. Idan haka ta faru, a kwashe abin da ake iya gani, a yi ta ba da ruwa mai yawa a hankali sau biyu ko uku cikin mako biyu.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce ta ƙwari. Naitirojin mai yawa yana sa ganye ya yi taushi da ruwa, abin da ƙwarin darɓa suke so ke nan. Su ne ke zubo ruwan nan mai danƙo da ke manne wa gilashin mota da kujerun da ke ƙarƙashin linden, daga baya baƙar fumfuna ta hau kai. Mai kuka da darɓa ya fara da rage taki. Haka nan ana samun dogayen rassa marasa ƙwari, da ƙaruwar tsiron gindi, wanda dama halin linden ne. Cutar Verticillium, mai sa reshe guda ya yi yaushi farat ɗaya, ita ma taki mai zafi yana taimaka mata.

Ganye ya zama kamar raga, wani kuma yana da jajayen tsinaye. Yunwa ce?

Ko ɗaya ba yunwa ba ce. Ragar aikin ƙwaron Japan ne, wanda aka fara gani a Amurka a jihar New Jersey a 1916, ya kuma ɓulla a arewacin Italiya a 2014. Yana cin naman ganye ya bar jijiyoyi, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Babbar bishiya tana jurewa idan tana samun ruwa. Jajayen tsinayen masu kama da ƙananan ƙusoshi wani mitsitsin ƙwaro ne ke haddasa su, ba sa cutar da bishiyar, ba a yi musu komai.

Akwai takin da aka haɗa da maganin ciyawa ko na ƙwari. Ya halatta a ƙarƙashinta?

Muna roƙon a guje su duka biyun. Takin ciyawar ado mai kashe haki yakan ƙunshi dicamba, wanda saiwar linden ke sha, sai ganye ya murɗe ya lanƙwashe kamar cokali. Mai maganin ƙwari kuwa, irin su imidacloprid, yana bin jikin bishiyar har cikin fure. A Yunin 2013, a garin Wilsonville na jihar Oregon, ƙudan zuman daji kimanin 50,000 suka mutu bayan an fesa wa bishiyoyin linden masu fure maganin dinotefuran, kuma jihar ta hana amfani da irin waɗannan magunguna a kan linden daga baya. Tarayyar Turai ma ta hana amfani da imidacloprid a fili tun 2018. Wanda ke tsinkar furen don shayi, kamar yadda ake sha a Turkiyya da Faransa, shi ma abin zai iso kofinsa.

Sababbin ganye rawaya ne, gwaji ya nuna pH ya haura 7.5. Me zan yi?

Sinadarin ƙarfen yana cikin ƙasar, alli ne ya ɗaure shi. Wannan yana yawan faruwa kusa da sabon gini, inda aka binne ɓaraguzan siminti. A nemi maganin ƙarfe mai alamar EDDHA, a narka a ruwa bisa umarnin kwalin a zuba a farkon bazara. Mai alamar EDTA ba ya aiki sosai idan pH ya wuce 6.5. Garin farar wuta yana sauke pH, amma yana ɗaukar watanni, kuma a ƙasa mai alli da yawa tasirinsa kaɗan ne. A duba magudanar ruwa ma, domin saiwar da ke kwance cikin ruwa tana nuna wannan rawayar.

Ta bakin titi fa, wadda gishirin ƙanƙara ke taɓawa?

Linden ba ta jure gishiri. Wanda ake watsawa a titi a hunturu don narkar da ƙanƙara yana taruwa a ƙasa, sai a Yuli a ga bakin ganye ya ƙone, ya zuba tun Agusta. A wanke ƙasar da ruwa mai yawa a Maris ko Afrilu, a koma amfani da yashi ko tsakuwa a gaban gida. A Berlin doka ta hana masu gida watsa gishiri a hanyar masu tafiya a ƙasa.

Bishiyar titi kuma ta hukumar birni ce, ko da a ƙofar gidanka take. A Berlin, inda linden ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na bishiyoyin titi, kuma aka fara jera ta a titin Unter den Linden tun 1647, ana maraba da mai ba ta ruwa a lokacin zafi, amma taki da sara aikin ofishin kula da tituna da lambuna na gunduma ne. Mai haya kuma ya tambayi mai gida tukuna.

Za ta yi a Kano ko Maraɗi idan aka ba ta taki sosai?

Ba za ta yi ba. Tana bukatar watannin sanyi na gaske don ta huta ta sake toho, iri ma ba ya tsirowa sai ya sha sanyi mai tsawo, kuma zafin Afrilu na digiri 40 da busasshiyar iska sun fi ƙarfin ganyenta. Mai son inuwa a can, darbejiya, maɗaci ko tsamiya za su biya masa bukata.